Littafin Ma'aji

Shekara ashirin da shida ina riƙe da makullin akwatin baiko
a majami'armu ta Tudun Wada.
Ko kwabo bai taɓa ɓatan kai a hannuna ba.
Ku tambayi Jos wane ne Dattijo Rwang:
mai buɗe ƙofa tun sanyin asuba yana yankan kunne,
mai kashe fitila bayan mawaƙa sun watse.

Amma littattafaina biyu ne.
Ɗaya na ikkilisiya, mai baƙin bango.
Ɗayan a ƙirji yake, ba wanda ya taɓa gani.
A ciki na rubuta azumina kwana-kwana,
da buhun dankalin da na kai gidan marayu,
da kwanon rufi goma sha biyu da na saya a ɓoye,
ko da yake na bar rasit inda fasto zai gani.
Ina jiran ranar da zan shimfiɗa shi gaban Ubangiji
in ce: a duba, a ba ni canjina.

Shekarar da aka sa Dalyop a horo,
ni na fara ɗaga hannu a taron dattawa.
Dubu huɗu ya taɓa cikin kuɗin matasa.
Wata shida a bencin baya, kusa da tsintsiya da bokiti,
ranar jibi faranti ya wuce shi kamar ba kowa a wurin.
Wannan ma na shigar. A shafin riba.

Sai wata Talata a Farin Gada,
ina taya kwandon tumatir,
bakina ya karkace, hannun dama ya ƙi ni.
Hannun rubutu. Hannun ƙirga.

Yanzu ga ni a bakin taga,
ina kallon duwatsun nan da ke zaune wani kan wani,
ba siminti, ba magini, kuma ba su faɗi ba.
Azumi, likita ya hana.
Ƙofar ɗakina ma sai an buɗe mini.
Addu'ata rabin baki ce, yawu na biye da ita.
In aiki ne kuɗin shiga, aljihuna ya huje.

Litinin da Alhamis, ƙarar kekensa nake fara ji.
Dalyop. Lokacin da fasinja suka fi yawa a titi,
sai ya cicciɓe ni kamar buhun acca,
ya kai ni asibiti wurin gashi,
ya jira, ya dawo da ni,
ya goge mini haɓa da gefen rigarsa.
Ran nan na tura masa ɗari biyar da hagu.
Ya mayar mini aljihu, ya ɓalla maɓalli.
Na ce da harshen da ya rage mini: me na yi maka?
Ya yi dariya har da riƙe ciki.
"Baba, da abin da ka yi mini ake bi, ai da ban zo ba.
Ni ma a bencin baya Yesu ya same ni,
bai tambaye ni rasit ba."

Daren nan, Kaneng na barci,
na buɗe littafin ƙirjina ina neman jimla.
Kowane shafi da hatimi a kansa,
tsohon hatimi, ya girmi rubutuna,
ja ne, kuma ba tawada ba ce:
an biya.
Ashe shekara da shekaru ina tara kuɗin gidan
da aka riga aka ba ni kyauta.

Ba zan yi muku ƙarya ba,
har yau nakan kama kaina ina ƙirga,
ko da yawan haƙurin da na yi da ciwo ne.
Mai hali ba ya barin halinsa dare ɗaya.

Ran Lahadi kujerata ba ta hawa matakala,
don haka a baya ake ajiye ni,
kusa da tsintsiya da bokiti.
Faranti ya iso. Hannuna bai tashi ba.
Dalyop ya kai ƙoƙon bakina,
rabi na sha, rabi ya bi wuyan rigata.